Batirin Ajiya da Ya Riga na Aiki Tsufa: Nazarin Lamarin Wani Babur Mai Lantarki a Daura

Bayan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ma'aikata masu ƙaramin albashi da ke fita wajen gari kullum su ne suka fi jin jiki, kuma daga cikinsu aka fara samun masu sayar da mashinansu na fetur suna komawa ga babur mai lantarki. Lamarin da za a duba a nan na ɗaya daga cikinsu ne, wani malamin firamare mazaunin Daura da ke koyarwa a wani ƙauye mai nisan kilomita 12 daga gidansa, wato kilomita 24 zuwa da dawowa, rabin hanyar kwalta, sauran kuma burji da yashi.

Malamin ya sayi ƙaramin babur mai batirin litiyam da ake iya zarewa a shiga da shi ɗaki. An rubuta 48V 20Ah a jikin batirin, kuma idan aka ninka bolt 48 da 20 za a sami wat-awa 960, wanda shi ne adadin wutar da batirin zai iya riƙewa ranar da ya fito daga masana'anta. Kwalin babur ɗin ya yi alkawarin kilomita 60 a caji ɗaya, amma malamin bai taɓa ganin hakan ba. Abin da ya samu a watannin farko wajen kilomita 45 ne, kuma bai damu ba tunda hakan ya kusa ninka buƙatarsa. A rana guda da babur ɗin ya sayi batir na biyu irin na farkon sak, daga shago ɗaya, da niyyar ya ajiye shi har sai na farkon ya gaji. Dalilinsa ba na wauta ba ne. Darajar naira tana ta faɗuwa a lokacin, duk kayan da ake shigowa da su daga China farashinsu na tashi kusan kowane wata, kuma ya taso yana jin cewa ajiya maganin wata rana ce.

Mai shagon ya ba shi shawarar da kowa ya sani game da batir: ya cika shi fal kafin ya ajiye, kuma ya riƙa jona shi lokaci-lokaci don kada ya mutu. Malamin ya bi wannan shawara sau da ƙafa. Ya kai batirin ajiyar sito, wani ɗan ɗaki na bulo mai rufin kwano ba silin, a ƙofar gida, ya jingina shi da bangon yamma, ya bar cajar a kusa. Duk ranar da aka kawo wuta da ƙarfi sai ya jona shi har fitilar cajar ta koma koriya, wani lokaci ma ya kwana a jone. Na aikin kuwa kullum da la'asar yana zare shi daga babur ya shigar da shi ɗakinsa na ƙasa mai rufin azara, ba don wani ilimi ba sai don gudun ɓarawo, ya yi masa caji da dare idan akwai wuta, da safe ya fita da shi.

Bazara biyu suka wuce a haka. Da malamin ya lura cewa batirin aikin ya fara raguwa, alamar wuta tana sauka da wuri fiye da da, sai ya ga lokacin da ya tanada ya zo, ya ɗauko na ajiyar wanda ko kilomita ɗaya bai taɓa yi ba. A ranar farko babur ɗin ya kai shi makaranta lafiya, amma a dawowa, daidai inda yashi ya fi zurfi, yana murɗa totur sai wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Ya kashe ya jira 'yan mintoci ya kunna, babur ya tashi, ya yi ɗan nisa, ya sake ɗaukewa. Da lallaɓawa ya iso gida. Hukuncin da ya yanke nan take shi ne an sayar masa da jabu, an cusa tsofaffin ƙwayoyi, wato ƙananan baturan da ake harhaɗawa su zama batir ɗaya, a cikin sabon kwanso, kuma da wannan ƙorafin ya je wurin wani mai haɗa sola a cikin gari wanda ya saba buɗe irin waɗannan batura.

Abin da mai gyaran ya fara yi shi ne kawar da zargi daga jikin babur ɗin kansa, domin yawancin ƙorafin raguwar nisa ba daga batir suke ba. Ya duba iskar tayoyi, ya ɗaga ƙafar baya ya juya ta don ya ji ko burki na kamawa, ya auna abin da cajar ke fitarwa ya tarar da bolt 54.6, wanda shi ne daidai ga batir mai ƙwayoyi jeri 13 da kowane jeri ke cika a bolt 4.2. Bayan haka ya cika baturan biyu ya ɗora musu mita, duka biyun suka nuna abin da ya kusa 54.6. Malamin ya ɗauki wannan a matsayin shaida cewa lafiyarsu ɗaya, sai mai gyaran ya ce masa: “Malam, wannan lambar cewa take yi ya cika, ba ta gaya mana ko nawa ya ɗauka kafin ya cika ba.” Wannan ita ce gaɓar da ke ruɗa mutane da yawa. Tsohon batir kamar rijiya ce da ƙasa ta cike rabinta: ruwan yana kawowa inda ya saba kawowa, mai leƙawa daga sama ba zai ga bambanci ba, sai an fara ja da guga sannan a tarar da ƙasa kusa.

Don haka aka yi gwajin da ke da ma'ana. Aka hau babur ɗin da kowane batir a kan kwaltar da ta nufi Katsina, da sanyin safiya, mahayi ɗaya, gudu ɗaya, ana kai da komowa har wuta ta ɗauke, sannan aka mayar da caji ta cikin ƙaramar mitar da ke ƙirga wutar da ta shiga, aka cire kason da caja ke ɓatawa a matsayin zafi. Batirin aikin ya yi kusan kilomita 39, abin da ya yi daidai da wat-awa 780 ko kusa da haka. Na ajiyar bai wuce kilomita 28 ba, wajen wat-awa 560. Tunda babur ɗin yana cin kimanin wat-awa 20 a kowace kilomita, kilomita 45 ɗin farko na nufin kowannensu yana riƙe da wajen 900 a lokacin da aka saya. Ke nan wanda ya sha yashi da rana kusan shekara biyu ya rasa kimanin kashi 13 cikin ɗari, wanda ke kwance a sito yana hutawa kuwa ya rasa fiye da kashi ɗaya bisa uku.

Da aka buɗe kwanson na ajiyar, ba a sami alamar ha'inci ba. Ƙwayoyin iri ɗaya ne da na ɗan'uwansa, waldar da ta haɗa su ta masana'anta ce, babu tsatsa, babu kumburi. Amma an ga abubuwa biyu. Na farko, tambarin kwanan wata a jikin baturan biyu ya nuna cewa an haɗa su kusan shekara guda kafin ranar da malamin ya biya kuɗi. Na biyu, da aka auna jerin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya bayan wuta ta ƙare, jeri biyu da ke ɓangaren da ya jingina da bango sun fi sauran faɗuwa ƙasa sosai.

Batirin litiyam yana tsufa ta hanya biyu, kuma dukansu suna tafiya a lokaci guda. Akwai tsufan aiki, wanda ke zuwa daga cikawa da zuƙewa. Masu ƙera irin waɗannan ƙwayoyi kan ce suna yin zagaye 500 zuwa 1,000 kafin ƙarfinsu ya sauka zuwa kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Zagaye ɗaya kuwa shi ne a zuƙe adadin cikakken batir, ba a jona caja sau ɗaya ba, don haka malamin da ke cin ɗan fiye da rabi a rana, kwana biyar a mako, ban da hutu, bai wuce zagaye 200 da 'yan kai ba a tsawon wannan lokaci. Batirin aikinsa bai ko kai rabin rayuwarsa ta wannan fuska ba.

Hanya ta biyu ita ce tsufan kwanaki, kuma ita ce ta fi muhimmanci a ƙasa irin tamu, ko da yake ba a cika maganarta a shago ba. A cikin kowace ƙwaya, lokacin caji litiyam yana ƙaura ya shige cikin wani ɓangare da aka yi da girafayit, wato baƙin ma'adinin da ke cikin fensir. A fuskar wannan girafayit ɗin akwai wani siririn ɓawo da ke samuwa tun cajin farko a masana'anta, sakamakon haɗuwarsa da ruwan sinadarin da ke cikin ƙwayar. Ɓawon yana da amfani, domin yana kare sauran ruwan daga lalacewa, sai dai ba ya daina kauri, kuma duk kaurin da ya ƙara yana haɗiye wani ɓangare na litiyam ɗin da ya kamata ya riƙa kai da komowa yana ɗaukar wuta. Litiyam ɗin da ya maƙale a nan ba ya dawowa, babu caja ko dabarar mai gyara da za ta fito da shi. Wannan aiki yana ci gaba ko ana hawa babur ko ba a hawa, dare da rana, kuma abubuwa biyu ne ke hanzarta shi: zafi da cikar batir. Ƙa'idar da masana sinadarai ke amfani da ita wajen kintace ita ce, ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusa ninka saurin irin wannan lalacewa. Cika kuwa, ƙwayar da ke zaune a bolt 4.2 tana cikin matsi mafi tsanani da aka yarje mata, girafayit ɗin ya ƙoshi da litiyam, ɗaya ɓangaren ƙwayar da litiyam ɗin ya baro kuma yana cin ruwan sinadarin a hankali.

Shafin Battery University na kamfanin Cadex da ke Kanada ya daɗe da wallafa wani jadawalin kintace da ke nuna girman wannan bambanci. Batirin da aka ajiye shekara guda a digiri 25 yana da caji kashi 40 yakan riƙe kashi 96 na ƙarfinsa, idan kuma a cike aka ajiye shi, kashi 80. A digiri 40, mai kashi 40 yakan riƙe 85, cikakken kuwa 65 kacal. Ƙwayoyin da ake ƙerawa yanzu sun fi na da juriya, amma tsarin bai canza ba. Duk wanda ya san Daura a watan Afrilu da Mayu ya san cewa digiri 40 a inuwa ba labari ba ne, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi waje zafi da tsakar rana, bangon yamma kuwa yana shan ranar la'asar ya riƙe ta har bayan isha'i. Malamin ya haɗa wa batirinsa munanan sharuɗɗan biyu a wuri ɗaya, kuma duk lokacin da batirin ya ɗan sauka da kansa zuwa inda zai sami sauƙi, sai ya sake jona shi ya mayar da shi ƙololuwa. Na aikin kuwa, ba tare da kowa ya tsara ba, yana yin mafi yawan yininsa tsakanin rabi da kashi uku bisa huɗu, cikarsa ba ta wuce 'yan sa'o'in dare, kwanansa kuma a ɗakin ƙasa mai kaurin bango wanda zafin rana ba ya ratsa shi da sauri.

Ɗaukewar wuta a cikin yashi ma tana da bayani daga wannan tushe. Ɓawon da ya yi kauri ba litiyam kawai yake ci ba, yana kuma tare hanyar wuta, ta yadda idan injin ya nemi ƙarfi da yawa lokaci guda, bolt ɗin ƙwayar yakan faɗi ƙasa farat ɗaya ko da akwai sauran caji a ciki. Kowane batirin litiyam yana da ɗan allon tsaro da masu gyara ke kira BMS, wanda ke lura da kowane jeri, kuma da zarar jeri ɗaya ya faɗi ƙasa da iyakarsa sai ya yanke wutar batirin duka don ya kare shi. Jeri biyun nan da suka gasu da bango su ne ke fara faɗuwa, sauran 11 na da sauran ƙarfi amma ba su da ta cewa. Idan aka saki totur aka jira, bolt ɗin ya ɗan farfaɗo, shi ya sa babur ke tashi ya sake mutuwa.

Ina ganin bai dace a ɗora wa mai shagon laifin ha'inci ba, amma kuma bai fita fes ba. Bai gaya wa mai saye cewa kayan sun shekara tsakanin masana'anta, jirgin ruwa, tashar jiragen ruwa ta Legas da rumbun ajiya ba, kuma wannan shekarar na cikin abin da ya sa batirin 960 ya iso hannu yana riƙe da wajen 900. Sauran giɓin da ke tsakanin 60 ɗin kwali da 45 ɗin hanya daga yanayin gwaji yake, domin masu ƙera babur kan auna nisa da mahayi marar nauyi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a ƙaramin gudu. Shawarar da ya bayar kuwa ta gaskiya ce a wurin da ta fito. Mutanenmu sun koyi kula da batir ne daga na mota da na inbata, masu dalma da asid, kuma waɗannan idan aka bar su ba caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansu ya kashe su, don haka dole a ajiye su a cike. Ilimi ne ingantacce da aka ɗauko aka ɗora wa wani abu daban. Wannan bambanci yana da muhimmanci ta ɗaya gefen ma, domin baburan lantarki masu araha da yawa a kasuwa batura huɗu ko biyar masu bolt 12 na dalma ne a ƙarƙashin kujerarsu, nauyinsu kaɗai ya isa ya nuna su, kuma mai irin wannan babur idan ya ji an ce a ajiye batir a rabi ya bi, zai yi wa kansa ɓarna. Akwai kuma nau'in litiyam da ake rubuta wa LiFePO4, wanda ya fi jure zafi da yawan zagaye, ko da yake shi ma ajiya a cike cikin zafi ba ta yi masa daɗi.

Da malamin ya ji wannan bayani, tambayarsa ta farko ita ce ko da ya bar batirin babu caji sam da ya tsira. Amsar ita ce da ya fi haka muni. Allon tsaron yana shan 'yar wuta kaɗan ko da batirin na ajiye, ƙwayoyin ma suna zubar da kaɗan da kansu, don haka batirin da aka ajiye a ƙarshen cajinsa yakan gangara ƙasa da bolt 2.5 a kowace ƙwaya cikin watanni. Idan ya yi ƙasa sosai, jan ƙarfen da ke cikin ƙwayar yakan fara narkewa, kuma lokacin da aka tilasta masa caji ta hanyar tsallake allon tsaro, kamar yadda wasu masu gyara ke yi da sunan tayar da mataccen batir, narkakken ƙarfen zai iya haɗa wuta a ciki ya jawo gobara. Wurin da ya dace shi ne tsakiya, kashi 40 zuwa 60, wanda a batir mai jeri 13 yake kamawa wajen bolt 48 zuwa 50 a mita, a duba shi bayan kowane wata ɗaya ko biyu, a ƙara masa kaɗan idan ya sauka.

An tattauna batun sauya jeri biyun da suka fi rauni, mai gyaran da kansa ya hana, kuma ina ganin ya yi gaskiya. Sababbin ƙwayoyi a tsakiyar tsofaffi ba za su dawo da abin da sauran 11 suka rasa ba, samun ƙwayoyin da suka dace da na asali a kasuwa ba shi da tabbas, walda marar kyau a cikin kwanson da ke shan girgizar burji kuma hatsari ce. Abin da aka yi shi ne barin batirin a kan caja na wasu sa'o'i bayan ya cika, ana tsaye a kansa, don allon tsaro ya daidaita jerin, tunda yawancin irin waɗannan alluna sai batir ya kusa cika suke wannan aiki. Wannan ne dalilin da ya sa ko wanda ya saba tsayar da caji a kashi 80 ko 90 don gudun saurin tsufan batir ya kamata ya riƙa cikawa fal lokaci-lokaci, daf da fita, ba daf da ajiya ba. Daidaitawar ta rage yawan ɗaukewar wuta, amma ba ta ƙara wani nisan a zo a gani ba.

Tsarin da malamin ya koma kai bai ci masa ko kwabo ba. An bar sito gaba ɗaya. Baturan biyu suna kwana a ɗakin ƙasa, a kan daɓe, nesa da katifa da tufafi da bakin ƙofa. Idan ya dawo da rana batirin na da zafi, yana barinsa ya huce kafin ya jona, domin masu ƙera ƙwayoyin litiyam ba su yarda a yi musu caji sama da digiri 45 ba, kuma batirin da ya sha ranar bazara a kan hanya yana iya kaiwa haka a cikinsa. A makaranta yana zare shi ya shiga da shi ofis maimakon ya bar shi a babur a tsakar fili. Lokacin dogon hutu yana sauke duka biyun zuwa rabi. An kuma ja hankalinsa cewa da safiyar hunturu zai ga nisan ya ɗan ragu, saboda sanyi yana rage kuzarin sinadaran kuma iskar gabas tana tura mahayi baya, amma wannan ragin na wucin gadi ne, yana gushewa da ɗumin rana.

Batun da ya rage shi ne aikin da za a ba batirin ajiyar. Kilomita 28 a kan kwalta, idan aka kwatanta da hanyar kilomita 24 mai yashi, ba su bar ratar da mutum zai dogara da ita ba, musamman ranar da ya ɗauko yaro ko buhu a baya. Don haka na farkon ya ci gaba da zuwa makaranta, na biyun kuma ya zama na zirga-zirgar cikin gari, kasuwa da masallaci da ziyarar 'yan'uwa, inda tafiya ba ta wuce kilomita goma kuma hanya ba ta neman a murɗa totur har ƙarshe.